CMV da hanji: ƙwayar da kusan kowa ke ɗauke da ita, amma ba kowa take kwantarwa ba

Da za a tare manya goma a Taminus ko a bakin Masallacin Juma'a na Jos, a ɗebi jininsu a kai ɗakin gwaji, da wuya a sami fiye da mutum ɗaya da bai taɓa kamuwa da ƙwayar sitomegalobairos ba, wadda likitoci ke kira CMV a taƙaice. Wani nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje daga ƙasashe masu yawa, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 83 cikin 100 na mutanen duniya suna ɗauke da shaidarta a jini. A Amurka, sama da rabin mutane suna kamuwa kafin su kai shekara 40. A nan kuwa, inda yaro ke shan nono ya daɗe, yara goma ke wasa a tsakar gida ɗaya suna musayar cokali da yawu, mafi yawa tun suna rarrafe suke ɗauka, kuma gwajin masu ba da jini da mata masu juna biyu a Najeriya ya sha nuna sama da kashi 90. Duk da haka mutum zai shekara yana zirga-zirga a asibiti bai ji an ambace ta ba. Shigarta jiki ba ta cika kwantar da kowa ba. Ɓarnar tana zuwa ne ranar da garkuwar da ta danne ta shekara da shekaru ta faɗi, kuma hanyar abinci, daga maƙoshi har dubura, tana cikin wuraren da ta fi ci.

Danginta ɗaya da ƙwayar ƙarambau da wadda ke fito wa mutum da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, kuma halin dangin ɗaya ne: idan suka shiga, sun shiga ke nan har mutuwa. CMV tana yaɗuwa ta yawu, fitsari, nono, saduwa, ƙarin jini da dashen gaɓa, tana kuma wucewa daga uwa zuwa ɗan da ke ciki. Kamun farko yakan wuce ba a sani ba, ko ya zo da zazzaɓi da kasala a ɗauka maleriya ce. Daga nan sai ta laɓe a cikin ƙwayoyin ɓargo da ke haifar da wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. Jiki ba ya sakaci da ita ko kaɗan. An auna an ga cewa a jikin mai ɗauke da ita, kusan ɗaya cikin goma na ƙwayoyin garkuwa masu riƙe tarihin cututtuka, aikinsu kawai gadin wannan ƙwaya ɗaya.

Tun 1881 wani likitan Jamus mai suna Hugo Ribbert ya ga wasu ƙwayoyin halitta da suka kumbura fiye da kima a ƙodar wani jariri da aka haifa ba rai, amma bai gane musabbabinsu ba. Sai tsakanin 1956 da 1957 Margaret Smith da Wallace Rowe da Thomas Weller, kowa a nasa ɗakin gwajin a Amurka, suka ware ƙwayar. Shekaru da dama an fi kallonta a matsayin ciwon jarirai, kuma har gobe ita ce kan gaba wajen kurmantar da yara ta hanyar da ba gado ba. Abin da ya fito da ita fili a matsayin ciwon ciki na manya abu biyu ne: yawaitar dashen gaɓoɓi, da ɓullar cutar ƙanjamau a shekarun 1980.

Yadda take yin gyambo a hanji shi ne ginshiƙin fahimtar sauran bayanin. Yawancin cututtukan gudawa da muka saba da su daga baki suke shiga tare da ruwa ko abinci, su kai hari daga cikin bututun hanji. CMV ta jini take zuwa. Fararen ƙwayoyin jinin da take laɓe a cikinsu su ne ke ɗauke da ita har bangon hanji, inda take kama ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jini, da waɗanda ke riƙe naman da ke ƙarƙashin fatar hanjin. Ƙwayar halittar da ta kamu takan kumbura ta ninka girmanta, a tsakiyarta kuma a ga dunƙule mai duhu zagaye da fili mai haske. Masu duba nama a madubin likita suna kiran wannan siffa idon mujiya, kuma ganinta kusan sa hannun CMV ne. To, idan ƙwayoyin da ke cikin siririyar jijiya suka kumbura, hanya ta tsuke, jini ya daskare a wurin, naman da jijiyar ke ciyarwa ya mutu. Duk wanda ya ga lambun rani a gefen tsofaffin kududdufan kuza ya san idan magudana ɗaya ta toshe, fangalin da take shayarwa shi kaɗai ke bushewa, na kusa da shi yana nan kore shar. Haka gyambon CMV yakan kasance: rami mai zurfi da iyaka a fili, kusa da shi kuma nama mai kama da lafiyayye. Shi ya sa yake zubar da jini, shi ya sa kuma yake iya ci har ya huda hanji.

Akwai ƙarin abu. Ƙwayar tana son wurin da dama akwai kumburi, domin sinadaran da jiki ke fitarwa a wurin kumburi suna janyo fararen ƙwayoyin jini, kuma su ne ke farkar da ita daga barci. Hanjin da wani ciwo ya riga ya raunata ya fi saurin kamuwa.

A maƙoshi, babbar alamar ita ce zafin haɗiya. Mutum zai ce yana jin kamar wuƙa a bayan ƙashin ƙirji duk lokacin da loma ta wuce, har ya kai yana tsoron kunu, yana tofar da yawu maimakon haɗiyewa. Ramewar da ke biyo baya ta yunwa ce tsagwaronta. A jikin mai HIV da garkuwarsa ta yi ƙasa, abin da ya fi haddasa wannan shi ne kandida, farin abu mai kama da kindirmo da ke fitowa a harshe ya gangara maƙoshi, don haka likita yakan fara ba da flukonazol. Idan aka yi mako guda babu sauƙi, wajibi ne a zura bututu mai kyamara ta baki, wato a leƙa da na'urar endoskopi. Gyambon CMV a nan yakan zama babba, ɗaya ko 'yan kaɗan, a tsakiya ko ƙasan maƙoshi. 'Yar'uwarta mai ƙurajen leɓe ita ma tana kama maƙoshi, amma nata gyambon ƙanana ne masu yawa. Bambancin yana da amfani a aikace: ita waccan a gefen gyambo ake samunta, CMV kuwa a gindinsa, tunda ba fatar sama take kamawa ba. Likitan da ya tsinko nama daga gefe kawai zai iya komawa da sakamakon da bai nuna komai ba alhali ƙwayar tana nan.

A cikin tumbi takan zo da zafin ƙahon zuci, tashin zuciya, amai, wani lokaci aman jini ko baƙin bayan gida, wato dai duk abin da muke kira olsa. A yara ƙanana, har masu cikakkiyar garkuwa, akwai wata siffa da ba a cika gani ba: naɗe-naɗen cikin tumbi su yi kauri su riƙa yoyon furotin, sai yaro ya kumbura a fuska da ƙafa a ɗauka ciwon ƙoda ne ko tamowa. Wannan yawanci yakan warke da kansa cikin 'yan makonni. A hanta takan ɗaga sakamakon gwajin jini, wani lokaci da shawara, kuma a masu ƙanjamau da ta yi nisa tana cikin ƙwayoyin da ke tsuke hanyoyin matsarmama.

Amma a duk hanyar abinci, babban hanji shi ne gidanta. Gudawa ce mai daɗewa, ta ruwa ko mai jini, da murɗar ciki, zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, yawan jin bayan gida a je a tsuguna ba a yi komai ba, da ramewa. Idan ta yi tsanani jini yakan ɓalle da yawa, ko hanjin ya saki ya kumbura kamar zai fashe, ko ya huje ƙazanta ta zube cikin ciki. Ƙarshen ƙaramin hanji ma yana hujewa, daidai inda taifot ta saba hudawa, kuma likitocin tiyata a ƙasar nan sun ga hujin taifot har sun gaji, don haka ba laifinsu ba ne idan ita ta fara zuwa musu a rai. Naman da aka yanke a tiyata ne kaɗai, idan an kai shi gwaji, zai faɗi gaskiya.

Kowa ya karanta waɗannan alamomi ya san sunayen da za a ba su a Anguwan Rogo ko Gangare: atini, basir mai jini, taifot, olsa, sanyin ciki. Kuma a gaskiya, mafi yawan lokuta sunan daidai ne. Cikin masu gudawa da ke cika asibitocin Jos da damina, CMV ba ta kai a saka ta a lissafi ba. Mai cikakkiyar lafiya da ya sha gurɓataccen ruwa kada ya ɗora wa kansa wannan fargaba. Tambayar da ke raba gardama ita ce: wane ne mai gudawar?

Rukuni na farko masu HIV ne da ƙwayoyin garkuwarsu da ake kira CD4 suka faɗi ƙasa da 50 a gwajin jini, alhali na mai lafiya yakan kama daga 500 zuwa 1,500. Kafin zuwan haɗaɗɗun magungunan danne HIV a 1996, CMV tana cikin manyan masu makantar da waɗannan marasa lafiya da kashe su. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV, kimanin mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin kula da su a ƙasar, wadda ta bunƙasa da tallafin PEPFAR, shirin gwamnatin Amurka na yaƙi da ƙanjamau, tun wajajen 2004, kuma tun 2016 tsarin ƙasa shi ne a ɗora mutum kan magani da zarar gwaji ya tabbatar. Wanda ke shan maganinsa kullum, garkuwarsa ta farfaɗo, CMV ba ta da ta cewa a jikinsa. Waɗanda take samu su ne wanda bai taɓa gwaji ba sai da ya kwanta, da wanda ya fara magani ya ji ƙarfi ya ajiye, ko ya daina zuwa karɓa don kada wani ɗan unguwa ya gan shi a layi, ko aka ce masa an yi masa addu'a ko an ba shi sassaƙe ya warke. Irin wannan mutum yakan yi wata biyu yana zagaya kemis. A ba shi Flagyl, a ƙara da Cipro, a yi gwajin Widal a ce taifot ce, ya koma ya ce, "Malam, wancan bai yi ba, a canza mini mai ƙarfi." Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke taɓa ƙwayar bairos irin CMV, shi kuwa bai gaya wa mai kemis abin da yake ɓoyewa ba.

Rukuni na biyu yana ƙaruwa a hankali: waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. An fara dashen a Najeriya a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, Asibitin Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, yanzu ana yi a Abuja, wasu kuma Indiya suke tafiya. Don kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar, dole a danne garkuwa da gangan, da magunguna irin su takrolimus, maikofenolet da firednisolon. Haɗari ya fi yawa idan mai bayarwa yana ɗauke da CMV, mai karɓa kuwa bai taɓa kamuwa ba. Mu da kusan kowa ke da ita, tamu ce ta cikin jiki takan farka. Shi ya sa ake ba da maganin rigakafi na wata uku zuwa shida bayan dashe, kuma ciwon yakan ɓullo ne a watannin da suka biyo bayan daina shi, lokacin da Alhaji ya dawo gida Jos, 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, kowa ya ɗauka an tsallake. Abin da ke rikita lamarin, shi kansa maikofenolet yana sa gudawa. Sai mara lafiya ya rage shi da kansa, ko ya yi ta haƙuri yana cewa maganin ne. Duka biyun kasada ce, domin gudawa mai yawa tana busar da jiki, tana kuma ɗaga yawan takrolimus a jini, ga ƙoda ɗaya tilo da aka sayar da gida aka dasa. Mai dashe da ya yi gudawa kwana biyu ko uku, likitan ƙodarsa zai nema, ba kemis ba.

Sauran sun haɗa da waɗanda aka yi wa dashen ɓargo, masu karɓar maganin kansa, tsofaffi masu ciwon suga ko masu wankin ƙoda, da wanda ya daɗe a ɗakin kulawa ta musamman. Sai masu shan sitiroyid mai yawa na dogon lokaci, wato magungunan kwantar da kumburi irin su firednisolon da deksametason. Wannan ya sa ba na jin daɗin yadda ake sayar da deksametason kamar alewa, ga masu ciwon gwiwa da 'yan matan da ke neman ƙiba da sha-ka-fashe. Shi kaɗai bai cika kai mutum ga CMV ta hanji ba, amma yana rage garkuwa, yana kuma ɓoye zazzaɓi da zafin ciki har sai abu ya lalace.

Akwai muhawarar da likitocin ciki suka daɗe suna yi a kan masu wani ciwon kumburin babban hanji mai daɗewa, wanda garkuwar jiki ce da kanta ke cin hanjin, kuma da sitiroyid ake kwantar da shi. Idan ciwon ya tashi ya ƙi jin magani, aka duba nama, sau da yawa akan tarar da CMV. Ita ce ta hana warkewa, ko kuwa ta tarar da wuri a kumbure ne ta zauna? Abin da aka fi aiki da shi yanzu shi ne a duba yawanta. 'Yan ƙwayoyi jefi-jefi a naman mai sauƙin ciwo ba sa buƙatar magani. Idan kuwa suna da yawa, ga gyambo mai zurfi, ga sitiroyid ya gaza, sai a ba da maganinta a rage sitiroyid ɗin, domin ƙara shi a wannan hali na iya kai mutum ga yanke hanji.

Wajen gwaji ne aka fi asarar kuɗi. Akwai gwajin jini na IgG da ɗakunan gwaji masu zaman kansu ke yi, kuma mutum yakan fito da takarda hankali a tashe wai an same shi da CMV. Wannan sakamako ba ya nuna komai sai cewa ya taɓa kamuwa, kamar maƙwabcinsa, kamar mai gwajin kansa. Amfaninsa na gaske kafin dashe ne, don a san matsayin mai bayarwa da mai karɓa. Gwajin PCR, mai ƙirga ƙwayar a jini, ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma da shi ake bibiyar masu dashe. Amma shi ma yana da giɓi ta fuska biyu: ƙwayar na iya yawo a jini ba ita ke cin hanjin ba, tana kuma iya cin hanjin jini ya nuna babu. Tabbaci yana wurin leƙawa da na'ura, endoskopi ta baki ko kolonoskopi ta dubura, a tsinko nama da yawa daga gindin gyambo, a duba idon mujiya, in da hali a ƙara da rini na musamman da ke manne wa furotin ɗin ƙwayar ya fito da ita ko da 'yar kaɗan ce. Wannan aikin manyan asibitoci ne masu likitan ciki da sashen duba nama, irin asibitin koyarwa da ke Lamingo ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Duban naman ne kuma zai raba ta da masu kama da ita, musamman tibin hanji, atinin amiba, da kansar hanji, domin CMV takan yi tsiro da ido zai rantse kansa ce.

Maganin farko shi ne gansiklobir, wanda aka amince da shi a Amurka a 1989. Ta jijiya ake ba da shi, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin mutum, sau biyu a rana, ana ragewa idan ƙoda ba ta da ƙarfi. Ana farawa da allura ne saboda hanjin da ke zawo ba ya tsotse ƙwayar magani yadda ya kamata. Idan mutum ya fara riƙe abinci, sai a koma balgansiklobir na haɗiya, wanda aka fi sani da Valcyte, miligiram 900 sau biyu a rana. Ga masu HIV, tsawon maganin yakan kai mako uku zuwa shida, ko har alamomi su gushe. Asiklobir, da ake samu a kowane kemis da araha, yana aiki a kan ƙarambau da ƙurajen leɓe, amma CMV ba ta da sinadarin da ke kunna shi sosai, don haka ba ya maye gurbi, duk da dangi ɗaya ne. Gansiklobir kuma ba maganin wasa ba ne. Yana danne ɓargo, fararen ƙwayoyin jini su ragu, abin ya fi muni idan an haɗa shi da Septrin ko zidobudin ko maikofenolet, don haka ana duba jini a kai a kai. Yana iya lahanta ɗan da ke ciki, shi ya sa ake gargaɗin mace da namiji su kauce wa ɗaukar ciki a lokacin shan sa da ɗan bayansa. Idan ƙwayar ta bijire, akwai foskanet, mai wahalar da ƙoda, da maribabir da aka amince da shi a 2021. Letamobir na 2017 na rigakafi ne ga masu dashe. Dukkansu masu tsada ne, kuma ba a kowane kantin magani ake samunsu ba. Allurar rigakafin CMV kuwa har yanzu babu wadda aka amince da ita a ko'ina.

Duk waɗannan magunguna danne ta suke yi, ba sa fitar da ita daga jiki. Abin da ke hana ta dawowa shi ne a mayar da garkuwa: mai HIV a ɗora shi ko a mayar da shi kan maganinsa, mai dashe likitansa ya sassauta masu danne garkuwa gwargwadon abin da ƙodar za ta jure.

Mai HIV da aka samu da CMV a hanji ko maƙoshi, a kai shi wurin likitan ido a ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido a duba can ciki, ko da ya ce yana gani garau. A masu ƙanjamau, ido ne wurin da ta fi kamawa, fiye da hanji nesa, kuma takan fara daga gefe ba tare da zafi ba. Wanda ya fara ganin baƙaƙen ɗigo suna yawo, ko walƙiya, ko wani ɓangare na ganinsa ya dushe, a ranar ya kamata a duba shi, domin inda ta riga ta cinye a bayan ido ba ya dawowa ko an yi magani.